Abin da Wanzami Ya Ji a Zauren Sale

Tun ɗazu nake jin ku, wai wanzanci ba sana'a ba ce, aska ce kawai da ruwa, kowa ya samu kai sai ya kankare. To ku matso kusa, ba na iya ɗaga murya yanzu.

A hannun kawuna Jibo na koya, a Gumel, tun Nasara ba su shigo ba. Shekara uku ina rataye da zabirarsa bai bar ni na taɓa kan mutum ba. Abin da na fara yi wa aski a duniya ɗanyen duma ne. Yakan yanko shi daga bayan gida, ya ɗora mini a cinya, ya ce in kankare ɗan gashin da ke jikinsa. In askar ta ci fatar ko yaya, wurin sai ya yi ruwa, ba yadda za ka ɓoye. Sai ya duba, ya tafi ya yanko wani. Da na wuce duma aka kai ni ga fatar akuya. Daga nan sai kan wani tsoho mai sayar da gawayi, wanda ya ce in yi abin da na ga dama, kansa ya riga ya saba da wahala.

Zabira kuwa ba jaka ba ce da za ka zuba kaya ka girgiza. Kowane abu da ɗakinsa. Askar kai daban, ta gyaran fuska daban, ga 'yar tsaga, ƙaramar da ake tsattsaga fata da ita kafin a kafa ƙaho. Ga hantsaki, ga ƙahoni huɗu, ga jijiyar da ake taunawa a toshe bakin ƙaho bayan an zuƙe iska. Wasa aska kaɗai sai da ya ci mini damina guda. Ƙarfen da maƙeran lokacin suke ba mu ba ya riƙe kaifi. In ka aske kai biyu, kafin na uku sai ka koma kan dutse, ka goga a fata, sannan ka gwada a gashin hannunka. Ku dubi hannuna na hagu, har yau gashin bai sake tsirowa ba.

Askin suna na farko da na yi ni kaɗai a wata ruga ce kusa da Gagarawa. Jariri ɗan kwana bakwai, maɗigarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsana, fatar kan kamar ta albasa. Kakarsa ce ta riƙe shi, kuma ba jaririn take kallo ba, hannuna take kallo. In aska ta zo kusa da maɗiga sai ka ɗauke numfashi, ka bar yaron ya gama mutsu-mutsunsa, sannan ka ja sau ɗaya. Wanda bai taɓa yin wannan ba kada ya gaya mini sauƙin aikin nan.

Amma abin da kawu ya fi nanata mini ba na hannu ba ne. Wanzami yana shiga inda namiji baƙo ba ya shiga. Yana ganin mai jego, yana ganin ƙurjin da dattijo ya ɓoye wa 'ya'yansa, yana jin abin da ake faɗi a zaure in an manta da shi. Kawu ya ce duk abin da na gani ko na ji a gida, in bar shi a gidan. Ranar da aka san kana fita da magana, ya ce, ranar ka gama aiki, don ba mai miƙa wuyansa ga mutumin da ba ya riƙe bakinsa. Na yi shekara da shekaru ina bin wannan. Sau ɗaya na karya, shi ne abin da zan gaya muku.

Bayan kawu ya rasu na koma wani gari a kan hanyar Sule Tankarkar, inda ba su da wanzami. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokin mutanen suna nan da rai, wasu ma kuna gaisawa da su a kasuwar Maigatari. Lokacin Nasara sun riga sun zauna, an kafa duwatsun iyaka a arewa da mu. Wata shekara aka aiko ana son maza masu sharar hanya da ɗaukar kaya. Bulaman garin, wato mai garin, ya kau da kai, samari suka tsallaka arewa da dutse har neman ya wuce. Aka tuɓe shi, aka tafi da shi, can ya rasu. Kowa ya zaci ƙanensa Sale za a naɗa. Sai aka tsallake gidan gaba ɗaya, aka naɗa Haruna, ɗan baffansu, manomi ne da bai taɓa neman sarauta ba. Tun daga ranar garin ya rabu biyu. Masallaci ɗaya ake shiga, amma kowa ya san sahun da yake tsayawa. Ni da ungozoma kaɗai muke shiga gidajen duka biyu.

Kan Bulama Haruna kai ne mai wuyar aski. Yana da ninki biyu a ƙeya da wani tsohon tabo a bayan kunne, sai ka ja fatar da yatsa kafin aska ta wuce. Duk Juma'a da safe nake masa, kuma yawanci barci yake ɗauke shi a hannuna. In an aiko neman maza, gida-gida yake bi, bai tsame nasa ba. Wasu suna ganin adalcinsa, wasu suna cewa yaron Nasara ne. Ni dai kai nake gani.

Wata Laraba da hantsi, bayan girbin da bai yi kyau ba, Sale ya aiko yana son ƙaho, bayansa ya riƙe. Na same shi a zaure tare da wani baƙo, gajere, mai tsagar mutanen arewa. Aikinmu yana koya wa mutum duban jiki. Na lura da yatsunsa na dama, inda kanta ta fito ba wurin fartanya ba ne, wurin tsirkiyar baka ne. Sale ya kwanta rubda-ciki a kan tabarma, na wanke wurin, na tsattsaga, na kafa ƙaho huɗu, na toshe. Daga nan sai jira, don jini ba a gaggauta shi. Na koma gefe ina goge 'yar tsaga.

Sai Sale ya juya harshe zuwa yaren Mangawa. A lokacin tsofaffin gidaje ne kawai suke jin sa, sauran mutane sun manta. Ni baƙo ne daga Gumel, ba wanda ya san kakata ta wajen uwa da yaren ta raine ni. Na ji Sale yana gaya wa baƙon cewa ranar Asabar Bulama zai tafi garin hakimi, a kan tsohuwar goɗiyarsa, da mutum ɗaya tak. Ya kwatanta masa kwarin da geza ta yi duhu, bayan wata kuka mai kogo. Baƙon ya ce kibiya ɗaya ta isa in dafin sabo ne, kuma kafin la'asar ya wuce dutsen iyaka. Suka ɗan yi gardama a kan ko ya tsaya gabas da hanya ko yamma, saboda rana. Kamar masu shawarar inda za a kafa rumbu.

Ƙaho huɗu suna bayan mutum, ba ka isa ka tashi ka tafi ba. Na jira har lokaci ya yi, na ɓare su ɗaya bayan ɗaya, na juye jinin a kasko, na goge wurin, na shafa magani. Sale ya tambaye ni da Hausa ko jinin ya yi baƙi. Na ce ya yi baƙi ƙwarai, gara da aka cire. Na naɗe zabirata na fita.

Bayan azahar na tsare liman. Dattijo ne mai tsoron Allah, amma 'yarsa tana aure a gidan Sale. Ya saurare ni har na gama, ya tambaya ko akwai wani da ya ji ban da ni. Na ce babu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in na yi shiru jini zai zuba, in kuma na kama suna ba shaida, wataƙila jinin da zai zuba ya fi haka. Shawararsa ita ce in gargaɗi Bulama a kan hanyar, in bar sunan a cikina. Na tambaye shi ko zai raka ni. Ya ce maganar ta fi ƙarfi a bakin wanda ya ji da kunnensa. Ban ga laifinsa ba.

Ranar Juma'a na jiƙa kan Bulama, na fara daga goshi. Da na ga barci zai ɗauke shi sai na sunkuya kamar ina duba tabon.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe kada ka bi ta kwarin geza."

Bai buɗe ido ba. Ya ce tun da aka naɗa shi ni ne na biyar da ya zo masa da irin wannan gargaɗi. Mai duba ya zo, wata tsohuwa ta zo da mafarki, har uwar gidansa ta hana shi cin tuwon suna. Ya ce kowannensu akwai abin da yake so, ni me nake so? Na ce ba komai. Na gaya masa yadda na ji, da yaren da aka yi maganar, da kukar, da goɗiyar. Da na ambaci goɗiyar ya buɗe ido, don mutum uku ne kaɗai suka san ita zai hau.

Ya ce, "Wa ya faɗa?"

Na ce liman ya hana ni kama suna.

Ya ce, "In babu suna, Wanzam, mafarki ne irin na tsohuwar nan. Ba zan canza hanya saboda mafarki ba, gobe a ce Bulama ya tsorata."

Sai na faɗa. Na ci gaba da aski har na gama ƙeyar.

Ranar Asabar ya zaga ta wata hanya da mutum huɗu, ya isa lafiya. Mutum biyu da ya tura kwarin suka tarar da inda wani ya tsuguna a cikin geza, ciyawa ta kwanta, ga ƙwallayen aduwa da aka tsotse, ga sawu ya yi arewa. Mutum kam babu. Bulama ya gaya wa hakimi, dogarai suka zo suka tafi da Sale, ni ma aka kira ni gaban alƙali. Na faɗi abin da na ji, na rantse. Sale ya ce gaskiya ne ya yi ƙaho, gaskiya ne ya yi baƙo, amma fatake ne mai kanwa, maganar kanwa suka yi, wanzami ne bai ƙware a yaren ba. Alƙali ya nemi shaida na biyu. Aka kira liman, ya ce shi a bakina ya ji, kuma gaskiya ya faɗa. Bayan kwana tara aka saki Sale. A shari'a alƙali bai yi kuskure ba.

Na san mutanen Sale za su daina kirana. Abin da ban zata ba, mutanen Bulama ma suka daina. Su ma suna magana a zaurukansu, su ma suna da abin da ba sa son a ji. In an yi haihuwa sai a aika wani gari mai tafiyar rabin yini a ɗauko wanzami, ni ina zaune a ƙofar gidana ina ganin wucewarsa. In na shiga wuri sai hira ta tsaya, a koma maganar ruwan sama. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ma ana yi mini, har da tambayar iyali.

A kan wannan yunwa ta sauka. Ku kun ji labarinta ne kawai. Wanzami a lokacin da hatsi ake sallamarsa, in an yi girbi kowane gida ya ba shi damin gero. Shekarar nan ba dami ko ɗaya a garin. Mai jin yunwa kuma ba ya aski, gashi ya taru a kan mutane ya yi ja, ba mai kula. Ƙaho kuwa, jinin wa za ka zuƙa? Na ajiye zabira na ɗauki fartanya, ina tonon ramin tururuwa ina kwashe ƙwayar da suka tara. Muka ci ƙarangiya, muka ci ganyen da a da awaki muke ba. Gidaje da yawa suka watse, wasu suka yi kudu, wasu suka tsallaka arewa. Bulama kaɗai bai fasa kirana ranar Juma'a ba, in na gama a auno mini ɗan gero a ƙoƙo.

Wata na farko bayan shari'ar Bulama ba ya fita sai da mutum biyu, yana canza hanya, an ɗaura masa layu har damtse. Da yunwa ta yi tsanani masu rakiyar suka tafi neman abin da za su ba 'ya'yansu. Ya buɗe rumbunsa ya raba har ya ƙare. Wata Juma'a na ce masa ya rage yawo shi kaɗai. Ya ce ya gaji da waiwaye, wuyansa har ciwo yake yi, kuma in bai fita ba wa zai fita.

Aikin da ya fi kowanne tsaya mini a rai da bazara aka kira ni, wata huɗu bayan waccan Asabar. Rijiyar bayan gari ta ƙafe, ana yasarta, Bulama ya je dubawa da rana tsaka. Yana sunkuye yana magana da wanda ke ciki, kibiya ta fito daga cikin kalgo ta same shi a ƙasan kafaɗa. Mutanen wurin duk yunwa ta cinye ƙafafunsu, ba wanda ya iya bin mai harbin ko taku ɗari. Aka zo aka kira ni. Na same shi kwance a gindin wata aduwa, sun karya sandar kibiyar, kan yana ciki.

Kibiya mai kunnuwa ba a fizgo ta, in ka ja baya sai ta tafi da tsoka. Na sa mutum biyu suka danne shi, na faɗaɗa bakin raunin da 'yar tsaga, na bi ƙarfen da yatsa har na ji inda kunnuwan suka kama, na saki tsokar gefe-gefe, na zaro da hantsaki. Ƙarfen ya fito da baƙin danƙo a jikinsa, na san abin da ke nan. Na kafa ƙaho a kan raunin, na zuƙa, na juye, na sake kafawa, sau huɗu. A na uku leɓena ya fara mutuwa, na kurkure baki na ci gaba. Dafin ya riga ni. In ka ɗora hannu a ƙirjinsa sai ka ji zuciyar tana gudu, ta tsaya, ta sake gudu.

Ya juyo da fuska ya gane ni. Ya ce, "Wanzam, wannan karon ba ka ji komai ba?"

Na ce, "Ban ji ba, ranka ya daɗe. Ba mai magana a gabana yanzu."

Ya ɗan motsa baki kamar zai yi dariya. Liman ya iso ya laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin la'asar ya cika.

An yi bincike. Ranar da abin ya faru Sale yana Gumel neman hatsi, mutum fiye da ashirin sun gan shi a kasuwa. Mai harbin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ni ma an tambaye ni, na ce ban san komai ba, kuma gaskiya ce.

Mutane sun sha tambayata ko da na bi shawarar liman abin zai canza. Da ban kama suna ba, da ya bi ta kwarin geza ranar Asabar, don ya faɗa mini da bakinsa. Da na kama, ga abin da ya faru. Wani ya ce da na wuce kai tsaye wurin hakimi. Wanzamin ƙauye ba ya isa gaban hakimi sai ta hannun Bulamansa, kuma ko na isa, shaidar nan ta biyu dai za a nema. Mai son kashe mutum yana da kowace rana ta Allah, in ta yau ta ɓaci ya jira ta gobe. Ni rana ɗaya na sani. Na juya maganar nan ta kowace fuska shekara da shekaru, ban samu inda za ta ɓulle ba, na bar ta.

Da damina ta faɗi aka samu ɗan amfani, hakimi ya nemi wanda zai iya kiran mutanen da suka tsallaka arewa su dawo su noma gonakinsu. 'Ya'yan Haruna suka ce ba sa so, babban ma ya bar garin. Wanda mutanen arewa za su ji kiransa Sale ne kaɗai. Aka sa ranar naɗi.

Ana gobe naɗin, da safe, Sale ya aiko in zo da zabira. Matata ta ce kada in je. Na ce in ban je yau ba, gobe Bulama ne zai aiko. Na wasa aska na tafi. Na tarar da zauren cike, ya sallami kowa, muka rage mu biyu. Ya cire hula ya zauna. Na jiƙa kan, na fara. Ya rame shi ma, ƙashin kan duk ya fito, sai ka bi a hankali.

Da na kai rabi sai ya yi mini magana da yaren Mangawa. Ya tambaya wa ya koya mini. Na ce kakata. Ya ce ta koya mini da kyau. Ya ce bai kira ni don tsohuwar magana ba, gari ba ya zama ba wanzami, kuma daga yau duk wanda ya ɗauko na wani gari zai ji daga gare shi. Na yi godiya. Na gama kan, na canza aska, na jiƙa masa fuska.

Ya ce, "Wata huɗu ka ƙara masa, Wanzam. Ban ga wanda zai iya fiye da haka ba."

Ba kowa a zauren, ƙofa a saye, aska sabon wasi a hannuna.

Na ce, "Ɗaga haɓarka, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga, ya rufe ido.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yi masa aski, har ya rasu a kan shimfiɗarsa. Ko sau ɗaya askata ba ta fitar masa da jini ba.